Amfilifaya ɗaya mai layi 5, ko biyu daban? Wufa na kashe min sauti

Salamu alaikum, masu aikin wayarin mota, ina neman shawara.

Motar Corolla ce. Sifikun ƙofa 4 ne, kowace om 4 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki), wat 60 RMS (wato ƙarfin da take iya ɗauka a kai a kai). A but akwai wufa, wato babbar sifikar bas, inci 12, wat 400 RMS, mai koyil biyu, kowane om 4.

Amfilifayar (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da ke ciki mai layi 4 ce, wato mafitar sauti 4 gare ta. Layi biyu na gaba suna ɗauke da sifikun ƙofa, na baya an haɗe su wuri guda sun koma kan wufa. Idan aka jera koyil ɗin kafaɗa da kafaɗa sai ya sauko om 2, amfilifayar kuwa a wannan haɗin ba ta jure ƙasa da om 4. Sai ta ɗau zafi, jar fitila ta kama, sauti ya ɗauke. Idan kuma aka ɗaura su ɗaya bayan ɗaya, om 8 ke nan, bas ɗin ya zama kamar babu.

To wanne ya fi? Mai layi 5, wadda layin wufarta ke ba da wat 300 a om 2, ko in bar mai layi 4 ɗin ga sifikun ƙofa kawai, in ƙaro mono (amfilifaya mai layi ɗaya, ta wufa kaɗai) mai wat 500? Hankalina ya fi kwanciya da mono, amma ina tsoron altaneta (na'urar da ke cajin batir), don ko yanzu fitilun gaba na yin ƙasa idan bas ya buga.

Sannan waya mai kaurin geji 4 guda ɗaya daga batir za ta ɗauki amfilifaya biyun? Fiyus na amfiya nawa zan sa kusa da batir? Rediyon kuma mafitar RCA (inda ake jona wayar sauti zuwa amfilifaya) biyu kacal gare shi.