Fankokin sabarmu suna ta tashi da sauka, kuma ana nuna mini zafin digiri 127

Ɗan Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni ne nake kula da sabar wata makarantar Islamiyya a nan Aboabo, cikin Kumasi, wato kwamfutar da ake ajiye sunayen ɗalibai da sakamakon jarrabawa da lissafin kuɗin makaranta a cikinta. Madabod ɗin, wato babban allon cikin kwamfutar, na hannu ne, mun saye shi a Adum, kuma yana ɗauke da guntun BMC, mai sa ido a kan lafiyar na'urar, ƙirar ASPEED AST2500. Da yake na'urar tana zaune ne a kusurwar ofishin malamai, sai na haɗa ta a cikin dogon akwati irin na kwamfutar tebur, na sa mata manyan fankoki na milimita 140 masu juyawa a hankali, domin kada ƙara ta hana mutane aiki. Ubuntu 22.04 ne a kanta.

Abu biyu ne suka dame ni. Na farko, fankokin ba sa zama a gudu ɗaya: sai su lafa har a daina jin su, can kuma su tashi gaba ɗaya da iyakar ƙarfinsu na ɗan lokaci, su sake lafawa, kuma haka suke yi dare da rana ko da babu wanda ke amfani da sabar. Na biyu, na girka lm-sensors, manhajar nuna zafi da ƙarfin wuta, na gudanar da `sensors-detect`, ya gano guntun aune-aune na Nuvoton, amma direban nct6775 ya ƙi hawa, `dmesg` yana cewa akwai karo tsakaninsa da ACPI, tsarin sarrafa wuta na manhajar allon. Na ƙara `acpi_enforce_resources=lax` a layin GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, kamar yadda ake ba da shawara a wurare da dama, direban ya hau, sai dai abin da yake nunawa ya fi rashinsa tayar da hankali. Wani layi mai suna AUXTIN yana cewa digiri 127, `in1` yana cewa bolt 1.01 tare da ALARM a gefensa, alhali coretemp, direban da ke karanta zafin furosesa, yana nuna furosesa a digiri 46 kacal. Na sa hannu a kan ƙarfen da ke shanye zafin furosesar, ɗumi ne kawai. Shin madabod ɗin ne ya lalace, mu koma wurin wanda ya sayar mana, ko kuwa akwai saitin da ban sani ba?

Injiniyan Asawase ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka mayar da madabod ɗin tukuna, domin duk abin da ka lissafa ban ga alamar lalacewa a ciki ba. Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne, a madabod irin na saba, BMC ne mai gidan na'urorin aunawa. Ƙaramar kwamfuta ce mai zaman kanta a kan allon, tana aiki ko da an kashe sabar muddin waya na jone da wuta, ita ce ke karɓar zafin furosesa ta hanyar PECI, ita ke ƙidaya juyawar fankoki, ita kuma ke yanke hukuncin gudun da za su yi. Saboda haka tambayarka ta farko ba a wurin lm-sensors amsarta take ba.

Ka girka ipmitool, manhajar da ake magana da BMC da ita, ka tabbatar `ipmi_si` da `ipmi_devintf` sun hau har `/dev/ipmi0` ya bayyana, sannan ka gudanar da `ipmitool sensor` da `ipmitool sel list`. Ina da yaƙinin za ka tarar da kundin BMC, wanda umarni na biyu ke nunawa, cike da layuka masu cewa `Lower Critical going low` a kan fankoki. Dalilin shi ne an ƙera allon ne da zaton za a sa masa ƙananan fankokin saba masu juyawa dubbai a minti ɗaya, don haka iyakar ƙasa da aka rubuta wa BMC tana da ɗan yawa. Manyan fankokinka kuwa idan zafi ya sauka suna iya komawa juyi 400 ko 500 a minti. Da zarar sun faɗi ƙasa da iyakar, sai BMC ya ɗauka fanka ta mutu, ya tayar da dukkan sauran zuwa ƙarshen gudunsu domin ceton na'urar; da ya ga adadin ya haura iyaka sai ya natsu ya rage gudu, su sake faɗawa ƙasa, a koma gidan jiya. Maganin shi ne ka duba mafi ƙarancin gudun da kamfanin fankar ya rubuta, ka sauke iyakokin zuwa ƙasa da shi, misali `ipmitool sensor thresh FAN1 lower 100 200 300`. Lambobin uku suna bin jeri ne daga mafi tsanani zuwa mafi sauƙi. Kada ka yi mamaki idan BMC ya ɗan gyara lambar da ka ba shi, yana aiki ne da matakai nasa. Idan ka gama da kowace fanka, ka yi `ipmitool mc reset cold`, ka ba shi mintuna kaɗan ya farfaɗo.

Game da digiri 127, wannan ba zafi ba ne. Guntun Nuvoton yana da ƙafafun aunawa fiye da waɗanda mai ƙera allon ya yi amfani da su, kuma ƙafar da ba a jona ta da komai ba takan ba da lambar banza, wani lokaci 127, wani lokaci ƙasa da sifili da nisa. Shi kuma `in1`, guntun ba ya iya auna abin da ya wuce kimanin bolt 2 kai tsaye, don haka ake rage wutar bolt 12 ta hanyar rezisto biyu kafin ta isa gare shi. Direban Linux bai san girman waɗannan rezistocin ba, abin da ya iso ƙafar kawai yake faɗa. Idan ka ninka 1.01 sau 12 za ka sami 12.12, wanda ke cikin abin da ƙa'idar wutar kwamfuta ta ATX ta yarda da shi, wato daga 11.4 zuwa 12.6. ALARM ɗin kuma yakan fito ne saboda ba a saita iyakar sama da ta ƙasa ba, an bar su a sifili. Za ka iya gyara wannan duka da ƙaramin fayil a cikin `/etc/sensors.d/`, ka yi amfani da `label` ka ba layin suna, `compute in1 @*12, @/12` ka ninka, `ignore` kuma ka ɓoye na banza. Sai dai ka sani ninkin 12 zato ne nawa, kowane allo da nasa, don haka ka gwada da abin da `ipmitool sensor` ke nunawa kafin ka amince.

'Yar Nima ta amsa:

Malam Injiniya, bayaninka a kan fankoki ya yi daidai, amma ban goyi bayan a tsaya gyara fayil ɗin lm-sensors ba, kuma ina ganin abin da ya fi gaggawa shi ne ɗan'uwanmu ya cire `acpi_enforce_resources=lax` ɗin nan. Linux bai hana direban hawa don son rai ba. Ya hana ne saboda manhajar allon ta riga ta ce tana amfani da waɗannan adireshin, kuma irin wannan guntu ana karanta shi ne a mataki biyu: a fara rubuta lambar rajistar da ake so, sannan a karanta abin da ke cikinta. Idan masu karatu biyu suka shiga tsakanin juna, ɗaya zai iya sauya rajistar kafin ɗayan ya karanta ko ya rubuta, sai a sami lambar ƙarya, ko mafi muni a rubuta abu a wurin da ke sarrafa fanka. A kwamfutar gida mutum zai iya ɗaukar wannan kasadar, amma ba a na'urar da ke riƙe da takardun makaranta guda ba, musamman tunda babu abin da direban zai ba shi wanda BMC bai riga ya ba shi da suna da ninki na gaskiya ba. Ya bar coretemp, wannan daga cikin furosesa yake karantawa, ba ya karo da kowa. Zafin faifai kuma `smartctl` ya wadatar, ko direban drivetemp da ke cikin Linux tun fitowa ta 5.6.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Sauke iyakar fanka zai kawo shiru, amma shiru ba shi ne sanyi ba. An tsara madabod ɗin saba ne domin iska mai ƙarfi ta ratsa shi daga gaba zuwa baya, ta bi ta kan RAM, da sassan da ke daidaita wutar furosesa, da katin RAID ko na netwok, waɗanda galibi ba su da fankar kansu sai ɗan ƙarfe kawai. A dogon akwati mai fankoki masu laushi, furosesa za ta iya zama a digiri 46 yayin da waɗannan sassan ke gasuwa a ɓoye. Don haka ya dubi layukan VRM (sassan daidaita wutar furosesa) da DIMM (RAM) da PCH (guntun da ke haɗa sassan allon) a cikin `ipmitool sensor`, ya kuma duba su da azahar lokacin da ake shigar da sakamakon jarrabawa, ba da asuba ba. RAM irin DDR4 iyakar aikinsa na yau da kullum digiri 85 ne, kuma ni ba na son ganinsa kusa da nan ko kaɗan. Ƙungiyar injiniyoyin ɗumama da sanyaya gine-gine ta Amurka, ASHRAE, tana ba da shawarar iskar da ke shiga saba ta kasance tsakanin digiri 18 da 27, mu kuwa mun san yadda ofis marar na'urar sanyaya ɗaki yake a Kumasi cikin Fabrairu da Maris, ya wuce 30 ba tare da wahala ba.

Sannan ga ƙurar hunturu. A wurin aikina a nan Accra, duk ƙarshen Janairu idan na zare ragar gaban akwati, nakan tarar ta toshe da jar ƙura mai laushi kamar garin da aka tankaɗe, har ba a ganin haske ta cikinta, kuma lambar zafin cikin akwatin takan sauka nan take bayan an wanke ta. Ya sa ranar share raga a kalandar ofis tun daga Disamba.

Ɗan Aboabo ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, Malam Injiniya da Hajiya. Kundin BMC ya cika da layukan da Malam ya ambata, a kan FAN2 da FAN3. Na sauke iyakokin, na sake tayar da BMC, kuma tashi da saukar ta tsaya. Na cire layin GRUB ɗin, na bar coretemp kaɗai. BMC yana nuna layin bolt 12 a 12.1, ya yi daidai da lissafin Malam. Maganar Hajiya ma ta tabbata, domin da azahar VRM ya kai digiri 78 alhali furosesa ba ta wuce 55 ba, saboda haka na ɗaura ƙaramar fanka ta milimita 80 tana hura masa kai tsaye, ya sauko zuwa sittin da 'yan kai.

Saura abu ɗaya. Kwanan watan da ke cikin kundin ba daidai ba ne, wasu layukan suna nuna shekarun baya da nisa, kuma na lura hakan na faruwa ne bayan an ɗauke wuta har UPS ɗinmu ya ƙare. Layin VBAT, na batirin allon, yana nuna bolt 2.4.

'Yar Nima ta amsa:

Batirin agogon allon ne ya tsufa, ɗan'uwa, abin da aka saba gani a kayan hannu. CR2032 ne, sabonsa bolt 3 ne ko sama da haka kaɗan, kuma za ka same shi wurin masu gyaran agogo a Kejetia. Ka rubuta saitin BIOS ɗinka a takarda kafin ka fara, domin zai iya komawa na asali, sannan ka kashe sabar, ka zare wayar wuta, ka canza batirin, ka daidaita agogon BIOS, ka duba na BMC da `ipmitool sel time get`. Kafin ka share tsohon kundin da `ipmitool sel clear`, ka adana kwafinsa a fayil. Bayan nan ka sake duba iyakokin fankokin, domin sabunta manhajar BMC ko mayar da shi saitin asali yakan goge su, gara ka ajiye umarnan a ƙaramin fayil kusa da hannu. Tunda kuma yanzu za ka riƙa shiga BMC, ka canza kalmar sirrin da ya zo da ita, kada kuma ka bar tasharsa ta UDP 623 a buɗe ga intanet ko ga netwok ɗin da ɗalibai ke hawa.