Wane irin littafi ya kamata in zuba a teburin haya a ƙauyenmu?

Malamin Firamare, Taura

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, kuma ina da niyyar ware wani abu daga kuɗin riɗin da na sayar bana in sayi littattafai, in ajiye su a shagon ƙanena domin bayar da haya, ranar Lahadi kuma in riƙa kai wasu kasuwar Gujungu. Iri biyu nake tunanin saye: littattafan hikaya, waɗanda aka fi sani da littattafan soyayya, da kuma na koyon sana'a, kamar noma da kiwon kaji da girke-girke. Jarin ba shi da yawa, saboda haka ba na son in cika akwati da abin da zai zauna yana shan ƙura. Ina roƙon masu karatu, musamman mazauna karkara, su faɗa mini abin da ke sa su riƙe littafi har ƙarshensa, da kuma abin da ke sa su ajiye shi tun ba su kai rabi ba.

Uwargida, Kura

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a wannan niyya. Na fi shekara ashirin ina karanta littattafan hikaya, kuma a gidanmu ni ce mai karanta wa sauran mata bayan sallar isha'i, don haka ina ganin abin da ke hana su barci da abin da ke sa su hamma.

Abin da ke riƙe mu shi ne mu ji muryar gidajenmu a cikin littafi. Idan marubuciya ta san yadda uwar miji ke jefa magana ba tare da ta ambaci sunan kowa ba, ta san yadda kishiyoyi ke gaisawa da safe alhali kowacce da abin da ta kwana da shi, ta kuma san halin da yarinya ke shiga ranar da aka cire ta daga aji aka ɗora mata tallan gyaɗa, to, za ka ga tsakar gida ta yi tsit, har mai tatsar koko ta dakata. Muna son karin magana da habaici idan sun faɗo a muhallinsu. Muna kuma son labarin matar da aka saka da 'ya'ya biyar, ta tashi ta kama sana'a ta riƙe su, domin babu layin da za ka bi a garin nan ba ka sami irinta ba.

Abin da ya gundure ni kuwa shi ne dukiyar da ba ta da tushe. Saurayi bai kai shekara talatin ba, amma yana da kamfanoni a Dubai da gida a Abuja, ciwon kai kaɗan sai a ɗauke shi zuwa Jamus, kuma har littafin ya ƙare ba za a faɗa maka wace sana'a ta kawo wannan arziki ba. Sai a ɓata shafi uku ana lissafa akwatunan lefe da kalar labule. Wanda ya fi ci mini rai shi ne yadda ake zana 'yar ƙauye: kullum ƙazama ce, wawuya, ba ta zama mutum sai an kai ta birni an yi mata wanka da sabulu mai tsada. Na taɓa karanta wani littafi da aka ce mutanen ƙauye sun fita girbin gero da bazara, kafin saukar ruwan fari, sai wata dattijuwa a gidanmu ta ce in rufe shi, domin wanda bai san lokacin kaka ba ba shi da abin da zai gaya mata game da ƙauye.

Shawarata ta kasuwanci ita ce, kada ka sayi littafi na ɗaya sai ka tabbata na biyu da na uku suna hannunka. An saba yanke labari daidai inda ya ɗauki zafi, kuma babu abin da ke ɓata ran mai haya kamar ta dawo a ce mata ci gaban bai zo ba.

Manomin Rani, Auyo

Malam, Hajiya ta yi bayanin hikaya, ni kuma zan tsaya a kan littattafan sana'a, domin a nan ne kuskuren littafi ke cin kuɗin mutum. Babbar matsalarsu ita ce awo. Littafi zai ce a zuba kaza a kowace hekta, alhali mafi yawanmu ba mu taɓa auna gonakinmu ba, kuma ba a bayyana cewa hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato kusan eka biyu da rabi. Wani ɗan littafi da na saya shekarun baya ya ce masara tana buƙatar kilo 120 na sinadarin naitrojin a hekta, ni kuma na ɗauka kilo 120 na taki ake nufi, na sayi buhu biyu da rabi na zuba, masarar ta tashi da ɗorawar ganye. Daga baya ne wani malamin gona ya fahimtar da ni cewa buhun kamfa mai lamba 15-15-15, wanda nauyinsa kilo 50 ne, naitrojin ɗin da ke cikinsa kilo bakwai da rabi ne kacal, buhun yuriya kuma yana da kilo 23. Da marubucin ya rubuta cewa buhu takwas na kamfa da kusan buhu uku na yuriya ake nufi, da na san abin da aljihuna zai iya tun farko, na rage faɗin gonar.

Haka abin yake a maganin feshi. Manomi ba ya riƙe da ma'aunin mililita a bakin fadama, abin da yake da shi shi ne gwangwanin madara da murfin kwalba da injin feshi na goyo. Littafin da ya ce ga yawan da za a zuba a tanki mai lita 16, ga kuma kwanakin da za a jira kafin a tsinki tumatir bayan feshi, shi ne wanda za a yi ta karɓa hannu zuwa hannu har ya yage.

Matsala ta biyu ita ce rashin faɗin inda shawarar ta dace. Ruwan saman da ake samu a Doguwa da Tudun Wada a kudancin Kano ya fi na Gumel da Maigatari nesa ba kusa ba, damina kuma ta fi tsawo, don haka irin da ya yi kyau a can yana iya kasa nuna a nan. Ka duba shekarar da aka buga littafi ma, domin duk wanda aka rubuta kafin 2016 ba zai ambaci tsutsar nan mai cin zuciyar masara ba, tun da a shekarar ce ta ɓulla a Najeriya.

Wanda na fi jin daɗinsa a rayuwata ƙaramar takarda ce mai hotuna a kan adana wake a buhu mai leda biyu a ciki, wanda ba ya buƙatar magani: a busar da waken sosai, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, kada a buɗe sai ranar buƙata. Ko wanda bai iya karatu ba ya gane ta. Ka nemi irin waɗannan a wajen malaman gona na JARDA ko KNARDA, wato hukumomin bunƙasa noma na jihohin Jigawa da Kano, da kuma ƙasidun da cibiyoyin bincike na Samaru a Zariya ke fitarwa da Hausa. A na kiwon kaji kuma, ka zaɓi wanda ya faɗi ranakun ba kaji magungunan rigakafin cuta, irin su na Gumboro da Lasota, ya kuma yi maganar yadda mutumin da ba shi da firji zai yi da maganin da ke buƙatar sanyi.

Tsohon Hedimasta, Dambatta

Ɗana, na ji daɗin wannan tambaya. Sai dai ina da ɗan saɓani da 'yata ta Kura a kan batun dukiya. Ita ta gaji da shi ne saboda ta daɗe tana karatu, amma yarinyar da ta yini tana surfe da ɗiban ruwa ba lallai ba ne ta so a sake ba ta labarin turmi da dare. Wani lokaci tana son a ɗauke ta a kai ta inda ba ta taɓa zuwa ba. Wannan ba sabon abu ba ne. Littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, ƙarƙashin wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, mafi yawansu cike suke da tafiye-tafiye da aljanu da abubuwan al'ajabi, kuma mun karanta su a makaranta muna jin daɗi. Aibin yana ga marubucin da ya maimaita mafarki ɗaya sau goma da sunaye daban-daban. Saboda haka ka saka kaɗan daga cikinsu, za su fita.

Abin da ni ba na iya jurewa shi ne lalacewar rubutu. Ana buga littafi babu ƙugiya ko ɗaya, sai mai karatu ya tsaya yana tantance ko baki ake nufi ko baƙi, ko kafa ko ƙafa, ga haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ga Turanci a tsakiyar kowace jimla. Yaran da kake koyarwa da safe su ne za su ari littafin da yamma, su kwashe kuskuren su kawo maka a jarrabawa. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar buga littattafai ta Arewa, wato NORLA, ta buga ƙananan littattafai a kan tsabta da noma da sana'o'i, cikin Hausa mai sauƙi da aka tace ta, har da wasu da ajami. Wannan ya tuna mini cewa a ƙauyukanmu akwai magidanta da yawa da suka fi sakewa da ajami a kan boko, don haka idan ka ci karo da littafin sana'a da ajami, kada ka bar shi.

Ka kuma yi hattara da abu biyu. Na farko, littattafan magunguna da ke alkawarin warkar da ciwon suga da hawan jini a mako ɗaya, domin suna iya sa mutum ya daina shan maganin asibiti. Na biyu, batsa: kada ka ba da hayar littafin da ba ka karanta ba, ko ba ka sa maiɗakinka ta karanta ba, domin idan wani uba ya ga abin da bai dace ba a hannun 'yarsa, sunanka zai kai gaban mai unguwa, ba na marubucin ba.

Ɗaliba, Kazaure

Baba ya yi gaskiya a kan batsa, kuma ta fi yawa a labaran da ake turawa ta WhatsApp shafi-shafi, waɗanda babu mai tace su. Ina so in ƙara cewa yawancin sa'o'ina yanzu a waya suke karatu, wasu kuma suna sauraron labaran da aka karanta aka ɗora a YouTube ko aka tura musu a memori. Duk da haka littafin takarda yana da kasuwa a ƙauye, domin ba ya cin data, ba ya jiran caji, kuma ba a tsayar da kai a tsakiyar labari a ce sai ka tura kuɗi. A na girke-girke, Malam, ka guji wanda kowane abinci sai da obin da man shanun kanti. Wanda ke koyar da sarrafa waken suya zuwa awara da madara, ko yin cincin da dubulan na sayarwa, shi ne mata za su nema.

Malamin Firamare, Taura

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maiɗakina ta amince za ta riƙa dubawa kafin a fitar da kowane littafi. Zan fara da hikaya ashirin waɗanda suka cika daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, sannan ranar Litinin in je ofishin malaman gona in ga abin da suke da shi. Hajiya, da ke Kura tana kusa da birni, ko za ki taimaka mini da sanin inda aka fi samun sauƙin sari, tsakanin kasuwar Kurmi da ta Sabon Gari?