Tsohon Esterbrook: libarsa ta ƙage, kuma wani abu na kaɗawa a ciki

Mai_Tawada:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawara kan tsofaffin alƙaluma biyu masu shan tawada. Na farkon kore ne, an rubuta Esterbrook a jikinsa, bakinsa na ɗauke da lamba 2556. Yana da liba a gefe, wato ɗan ƙarfen da ake ɗagawa don shan tawada, amma ba ta ɗagawa sai kaɗan, in an girgiza shi kuma ana jin ɓarɓashi na motsi a ciki. Na biyun baƙi ne da ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, rubutun jikinsa ya kusa gogewa. Wane samfuri ne na farkon, me ya lalace a cikinsa? Kuma zan iya jiƙa su a ruwa su kwana?

Bakin_Zinariya:

Wa alaikumus salam. Malam, don Allah ka daina jan libar nan. Jakar robar da ke riƙe tawada ce ta bushe ta yi tauri kamar ɓawon ƙwai, gutsattsarinta kake ji. In ka matsa, libar za ta lanƙwashe ko jikin ya tsage a bakin raminta, wannan kuwa ya fi canjin jaka wahalar gyara nesa ba kusa ba.

Duba saman murfi da gindin alƙalamin. In akwai ɗan baƙin maɓalli a duka biyun, samfurin J ne na wajen 1948 zuwa shekarun 1950. LJ tsawonsu ɗaya da J amma ya fi siranta, SJ kuma gajere ne siriri. Lamba 2556 na nufin baki mai tauri mai siririn rubutu.

Wuyan da ake riƙewa cusa shi aka yi cikin jiki, ba murɗawa ba. Ɗumama mahaɗar da na'urar busar da gashi kana juya alƙalamin, zafin ya tsaya wajen digiri 60. In yatsanka ba zai iya jurewa ba, ya yi yawa. Ban da harshen wuta, ban da tafasasshen ruwa. Naɗe wuyan da guntun roba, ka bar bakin a ɗaure a wurinsa don kada wuyan ya fashe a hannunka, sai ka ja a miƙe kana ɗan murzawa. Kada ka karya shi gefe da gefe, nan ne leɓen jikin ke tsagewa. In ya ƙi, ƙara ɗumi, kada ka ƙara ƙarfi.

Ya fita, kankare ragowar tsohuwar jaka daga kan ɗan bututun wuyan da kuma cikin jiki. Haska ciki ka duba ƙarfen matsin da libar ke dannawa, ko tsatsa ta cinye shi. Sabuwar jakar lamba 16 ce, wato kaurinta kashi 16 cikin 64 na inci, kusan milimita 6.4. Yanke ta yadda in an haɗa za ta bar sararin milimita 3 a gindi. Shafa shalak, wato wani irin ruwan ƙaro na mannawa, kaɗan a bututun, sa jakar, bar ta ta kwana. Sannan ka barbaɗe ta da hodar talk zalla marar turare don kada ta manne da ƙarfen. Wuyan ya koma ba tare da gam ba.

Hajiya_Rubutu:

Baƙin alƙalamin nan kada ya taɓa ruwa tukuna. Murza jikinsa da babban yatsa har ya yi ɗumi, ka sunsuna. Warin farar wuta ko na ƙonanniyar taya na nuna ebonait ne, wato roba mai tauri. Haske ne ya koɗar da shi, ruwa kuma zai ƙara fito da koɗewar cikin 'yan mintoci, ba ta komawa da wanki. Ƙamshin kafur kuwa selulod ne, wato wani tsohon nau'in filastik, wanda wuta ke kamawa nan take, sifirit kuma ke ɓata shi.

Don karanta rubutun, haska tocila daga gefe a kwance, ko ka goga garin alli ya shiga ramukan haruffan. Kada ka dogara da abin da ke kan baki wajen gane kamfani, don an sha canza bakuna, kuma "Warranted 14K" ba sunan kowa ba ne. In babu liba, duba gindin ko yana kwancewa. Maɓalli a ƙarƙashinsa na nufin irin tsarin alƙalamin Parker Duofold na 1921, wanda ake danna maɓallin don shan tawada. In ba liba ba maɓalli, mai yiwuwa wanda ake ɗura wa tawada kai tsaye cikin jiki ne, shi kuma wuyansa murɗawa ake yi, ja zai lalata zarensa.

Dattijon_Gyara:

Ƙari kan bayanin malam Bakin_Zinariya: in LJ ko SJ ne, gwada jakar kafin ka manna. Ya kamata ta zame cikin jiki da nauyinta. In ta matse, sauka zuwa lamba 15, domin jakar da ke manne da bango tana ɗaukar ɗumin hannu, iskar ciki ta kumbura, alƙalamin ya riƙa amayar da tawada a takarda.

Bakin Esterbrook da magudanarsa a haɗe suke, murɗa su hagu suke fita. In sun ƙage, tsoma bakin kaɗai a ruwan sanyi na awa biyu. Bayan an cire, jiƙa shi a amoniyar gida kashi 1 da ruwa kashi 10, ka ɗauraye sosai. In har yanzu yana tsallake rubutu, ratsa tsagar bakin da fallen tagulla mai kaurin milimita 0.05, ba reza ba. Kada ka goge tsinin 2556 da yawa: jerin 2000 ƙarfen ne kawai aka naɗe, jerin 9000 ne ke da ƙwayar ƙarfe mai tauri a tsini. Tawadar zane kuma kada ta shiga ciki ko sau ɗaya, tana daskarewa a magudana.

Mai_Tawada:

Allah ya saka da alheri. Na duba, maɓalli biyu ne, baƙin kuma warin taya yake. Ta yaya zan gwada jakar bayan gyara?

Bakin_Zinariya:

Da ruwa, kafin tawada. Nutsa bakin har wuya ya taɓa ruwan, ɗaga liba, ka ga kumfa ta fito. Mayar da ita, ka jira daƙiƙa 10 kafin ka ciro. Sake ɗagawa a kan kofi: in ruwa ya feso da ƙarfi, ta kama. In ɗigo biyu ko uku ne kawai, iska na shiga ta wurin shalak ɗin, sai a cire a sake mannawa.