Kristal ɗina na narkewa da zarar na fito da faranti daga sanyi

Hadiza:
Assalamu alaikum. Wata uku ke nan ina fama da wani enzayim (nau'in furotin) na bakteriya, ina neman ya zama kristal don in gano tsarinsa. A digiri 20 ɗigon ruwan furotin ɗin da ke cikin faranti fes yake zama, ko ƙura babu. A digiri 4 kuwa, bayan kwana shida sai ga kristal kamar ƴan allurai siri-siri. Jiya na ɗauko farantin zuwa madubin ƙara girma, ina kallo da idona bakinsu ya fara zagwanyewa, kafin minti goma sun ɓace. Wallahi kamar in fashe da kuka. AlphaFold, tsarin kwamfuta mai hasashen siffar furotin, ya ba ni siffar furotin ɗin. Shin daga ita zan iya gane yadda zafi ke shafar narkewarsa?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam. Sannu, Malama Hadiza, na san zafin abin. Amsar dai a'a ce. AlphaFold siffar ƙwaya ɗaya yake zana miki, bai san yadda dubbai za su jeru su manne da juna a ruwan gishirinki ba. Wannan sai gwaji. Naki yana yin irin halin lizozim na farin ƙwan kaza, wanda David Phillips ya warware tsarinsa a 1965: cikin sodiyam kulorayid, ɗumi na ƙara narkar da shi. Amma kada ki ɗauka kowane furotin haka yake. Haimogulobin na masu sikila, idan ya rasa iskar oksijin, ɗumi ne ke sa shi daskarewa. Ki kai madubin ɗakin sanyi, ki rage fitilarsa, don ita ma tana ɗumama ɗigon.

Rukayya:
Ƴar'uwa, ki duba gilashin murfin ma. Sauyin zafi na sa raɓa ta taru, ta shiga ɗigon ta tsinka shi. Ni a ɗakin sanyi nake tsamo kristal, in tsoma shi a ruwan naitirojin nan take. Siffar kuma kada ki yar da ita: inda makin pLDDT (makin da ke nuna tabbacin hasashen AlphaFold) ya faɗi ƙasa da 50, galibi jela ce mai kaɗawa a sarƙar furotin ɗin, ki datse ta. Daga baya siffar za ta yi miki aiki a Phaser, manhajar da ake warware tsarin kristal da ita.

Hadiza:
Na gode ƙwarai. Na duba yanzu, akwai irin wannan jelar a ƙarshen sarƙar, amino asid 18. Gobe zan kafa faranti uku, a digiri 4 da 12 da 20. Malam, in datse jelar tun yanzu, ko in jira sakamakon waɗannan?