Dashen hanji wa yaro, wa ya san yadda ake tantancewa?

Inna daga Ƙofar Marusa:
Salam yan uwa dan Allah ina neman haske. Ɗan ƙanena wata bakwai, hanjinsa ya murɗe aka yi tiyata aka yanke mafi yawansa, yanzu duk abin da ya sha zawo ne, ta jijiya ake ba shi abinci. Likita ya ambaci dashe, mu ko ƙoda kawai muka taɓa ji ana dasawa wlh.

Nas, Daura:
Allah ya ba shi lafiya Hajiya. Ba a gaggawar dashe fa, hanjin jariri yana girma ya saba, wasu har a yaye su daga abincin jijiyar. Abin da ake dubawa shi ne ko abincin ya fara taɓa hanta, ido ya yi ɗorawa, ko manyan jijiyoyin wuya da ƙirji sun toshe har ba wurin sa layi, wato siririn tiyon da ake ba shi abincin ta cikinsa, ko layin yana yawan kawo ƙwayar cuta cikin jini yaro ya ta zazzaɓi. Sannan su auna tsawon hanjin da ya rage, su duba zuciya da ƙoda da rukunin jini. In hanta ta lalace haɗawa ake a dasa biyun.

Baban Yara:
Sai an fita waje, irin Birmingham a Ingila ko Pittsburgh a Amurka. Kuma iyayen ma ana tantance su ko za su iya kula da shi, don maganin tacrolimus mai hana jiki ƙin dashen har abada ne, jiki ya fi saurin ƙin dashen hanji a kan na ƙoda.

Inna:
Na gode. Idonsa fari tas Alhamdulillah, amma sau biyu ana canza layin.