Ƴan uwa masu Ingilishi ku taimaka mini da kalmomin wuta

Salamu alaikum jama'ar Damagaram, don Allah a taimaka. Ƙanina zai yi jarrabawar BEPC bana, malaminsu na angile ya ba su burn, scald, scorch, singe da char wai su yi jimla da kowace, ni kuma faransanci na karanta, a kaina duk brûler ne. Na gane scald ƙunar ruwan zafi ce ko tururi, singe kuma kamar babbaka kan rago ranar layya. To scorch da char fa? In dutsen guga ya ɓata shadda ta yi ja-ja wanne za a ce, in nama ya koma gawayi kuma wanne? Burnt da burned ma sun rikita mu wallahi. Litinin zai miƙa aikin.