Na ci gwanjon keke a WhatsApp, an ce in tura kuɗi kafin gobe

Malam Mai Alli, Yelwa

Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, kuma da ɗan gaggawa.

Ni malamin firamare ne, ina zaune a Yelwa a garin Bauchi, makarantarmu kuma tana can cikin gari wajen Ƙofar Ran. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin Keke Napep zuwa da dawowa yake cin albashina kamar gara, shi ya sa na ce bari in koma keke. Wani abokin aiki ya saka ni a wani zauren WhatsApp da ake gwanjon kekuna na hannu, irin 'yan Kwatano. Ana ɗora hoto, a faɗi farashin farawa, kowa ya taya, ƙarfe goma na dare a rufe.

Jiya aka sa wani mai giya, baƙi, sumul da shi. An fara daga dubu 35. Niyyata kada in wuce 50, amma wasu mutum biyu suka yi ta bina da ƙarin dubu ɗaya, dubu biyu, sai da na tsinci kaina a 68 sannan suka yi shiru. Aka ce ni na ci. Mai kayan ya ce yana Kano, in tura kuɗin duka da dubu 6 na mota kafin gobe da azahar, shi kuma ya ba direba ya kawo mini. In ban tura ba a cire ni daga zauren. Hoto uku kawai na gani. In tura? Abin da ya fi damuna shi ne na riga na taya an sallama, ba na son in zama mai magana biyu.

Baban Khalifa

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka tura ko sisi. Cinikin biri a sama ke nan. Ka duba sunan da ke kan akawun ɗin da ya ba ka, shi ne sunan da yake amfani da shi a zauren?

Malam Mai Alli

A'a, sunan mace ne. Ya ce na matarsa ne, nasa yana da matsala.

Baban Khalifa

To fa.

Baba Mai Keke, Wunti

Ɗana, ni ban san harkar waya ba, jikana ne ke rubuta mini wannan. Amma keke na sani, tun zamanin Rali da Fonis nake kwance shi ina ɗaurawa. Mu ɗauka ma mutumin kirki ne, keken kuma yana nan. Hoto ba ya nuna ciwon keke.

Na farko firam. Yawancin waɗannan masu giya da ake kawowa alminiyon ne. Keken ƙarfe in ya tsage, kowane mai walda a bakin titi zai kama maka shi ka ci gaba da hawa. Alminiyon kuwa waldarsa daban ce, ba kowa ke da injinta ba, ko an yi ma wurin ba ya komawa ƙarfinsa na da. Tsagar kuma siririya ce kamar gashi, tana ɓuya a mahaɗar wuya, ko ƙasan sirdi, ko gindin feda. Sitika ɗaya ta isa ta rufe ta. In ka ga keken hannu da sabon fenti, tambayi kanka me aka rufe.

Sai taya. Ka tambaye shi lambarta. In 26 ce ko 28, ko'ina a Wunti da Muda Lawal za ka samu taya da tub. Amma akwai 27 na Japan, akwai 27.5, akwai 29, akwai siraran nan na tsere. Wani yaro ya kawo mini irinsa, ya yi wata guda a jingine a shagona muna jiran taya daga Kano. Bawul ma wani siriri ne, famfon mai faci ba ya kama shi sai da ɗan kai na musamman. Ga ƙaya a hanyoyinmu, faci kuwa ba ya jiran sai ka shirya.

Birkin faifai mai amfani da mai yana da daɗi ranar da yake aiki. Ranar da ya yi yoyo za ka zaga gari kana neman wanda ya iya. Kai da za ka je makaranta ka dawo, birkin waya ya ishe ka. Kaca da firiwil, wato haƙoran tayar baya da kaca ke hawa, in sun cinye, tare ake canza su, in ba haka ba kaca ta riƙa tsalle duk lokacin da ka taka da ƙarfi. Ka haɗa kuɗin wannan da na taya biyu a kan dubu 74 ɗinka ka gani ko har yanzu araha ce.

Sannan tsayinka nawa? Keke kamar takalmi ne, yana da lamba.

Hajiya Maman Ikram

Baba ya gama magana a kan ƙarfe, ni bari in faɗi abin da ya same ni. Bara na ci gwanjon keken yara biyu a Facebook, zan yi wa 'yan biyuna kyautar sauka. Na tura kuɗi. Washegari wani ya kira wai shi direba ne, yana Ningi, an tsare shi sai an biya dubu 4 na takardar kaya. Na tura, don na riga na sa ƙafa. Da yamma ya sake kira wai sun lalace a hanya. Nan na farga, na ce ya kawo in biya a tasha. Har yau ana kan hanya. Shafin ma ya ɓace, na ga hotunan nan dai a wani shafin da wani suna. Abin da ya fi ƙona mini rai, na riga na nuna wa yaran hoton.

Ɗan Poly, Gwallameji

Sannu Hajiya. Malam, ka saka hoton a Google Lens, manhajar binciken hoto, in daga wani shafin ƙasar waje aka ɗauko zai fito. Sannan ka ce ya kira ka ta bidiyo yanzu, ya kifa keken, ya nuna maka lambar da aka buga a ƙasan gindin feda, ya juya taya, ya canza giya kana kallo. Mai keke a hannu minti biyu wannan zai ɗauke shi. Ku kuma yi hattara da masu cewa kayan gwanjon Kwastam ne. Hukumar tana yin nata gwanjon a shafinta na intanet, kuma ta sha gargaɗin jama'a kan masu amfani da sunanta a Facebook da WhatsApp.

Ɗan Sanda Mai Ritaya

Lambar nan da yaron ya ambata tana da wani amfanin. Keken sata ba a sayar da shi a unguwar da aka ɗauke shi, garin gaba ake kai shi. Ranar da mai shi ya gane kayansa, kai za a fara riƙewa, kuma karɓar kayan sata laifi ne a dokar Final Kod in akwai alamar ka sani ko ya kamata ka yi zargi. "A WhatsApp na saya" ba amsa ba ce a gaban mai bincike. Ka nemi rasit mai ɗauke da lambar firam, da sunan mai sayarwa, da inda shagonsa yake.

Ustaz Abu Maryam

Malam, game da maganar alkawari da ta dame ka. Gwanjo a kan kansa halal ne, malamai suna kiransa muzayada. Abin da Annabi (SAW) ya hana shi ne najashi, wato mutum ya ƙara farashi ba don zai saya ba, sai don ya ingiza wani. Ban ce mutanen nan biyu haka suka yi ba, Allah ne masani, amma ka koma sama a zauren ka duba: sun taɓa cin gwanjo ko sau ɗaya, ko kullum su ne masu tsayawa dab da ƙarshe? A mazhabarmu ta Malikiyya ana iya sayen abin da ba ya gabanka bisa siffantawa, amma in ya zo ba kamar yadda aka siffanta ba kana da zaɓin fasawa, haka in aka samu aibin da aka ɓoye. Saboda haka cewa "bari wakilina ya gani kafin in biya" ba saɓa alkawari ba ne. Kana da kowa a Kano?

Malam Mai Alli

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ustaz, na duba, tun da na shiga zauren ban ga ɗayansu ya ci ba, amma kusan kowane dare suna ciki. Akwai ƙanin matata a Kano, na tura shi.

Malam Mai Alli

Ga yadda ta kaya. Da farko mutumin ya yi fushi, wai ba a taɓa yi masa haka ba, daga baya ya ba da kwatance. Shago na nan, keken ma na nan, kuma shi ne na hoton, don haka ba zan kira shi ɗan damfara ba. Tayar 26 ce. Sai dai sirdin ya ƙi motsi sama ko ƙasa, kuma da yaron ya ɗaga wata sitika a ƙasan wuya ya ga layi ɗan siriri, tsawon gaɓar yatsa. Mai kayan ya ce ƙarzuwa ce kawai, amma nan take ya sauko zuwa dubu 52. Baba, a wannan farashin fa?

Baba Mai Keke

Ka ce yaron ya manna maganaɗisu a jikin firam ɗin. In bai kama ba alminiyon ne, ko kyauta aka ba ka kada ka hau shi a titin Dass tsakanin manyan motoci. Ka zo ranar Asabar bayan la'asar, akwai guda biyu na ƙarfe a wurin maƙwabcina, ka hau ka zaga kasuwa da su tukuna. Ka zo da wandon da kake zuwa makaranta da shi, mu ga inda sirdi zai tsaya.